Shekarar da Aka Wanke Dankalin Injiniya

Ba injiniya ba ne, Allah ya jiƙansa. Mai gyaran keke ne. Tela, wanda shagonsa ke jingine da rumfarsa, shi ya liƙa masa sunan, ranar da ya kwance masa keken ɗinki ya mayar, ƙusa biyu suka yi saura a tafin hannunsa, keken kuma ya ci gaba da ɗinki kamar ba a taɓa shi ba.

"To, Injiniya," in ji Tela, "waɗannan biyun na masu kamfanin ne, sai ka aika musu kayansu."

Unguwa ta ɗauka. Shekara talatin da wani abu, har yaran da aka haifa a gabansa ba su san yana da wani suna ba.

Rumfar ba wata rumfa ba ce. Kwano huɗu ne a kan sanduna a bakin titi, da benci mai ƙafa uku wanda bulo ya zame masa ta huɗu. Akwai tsohon bahon ƙarfe da yake tsoma robar cikin taya don ya ga inda iska ke fita, da famfo, da gwangwanayen madara cike da ƙusoshi. Hannunsa kullum baƙi ƙirin da giris, sabulu ya daɗe da sallama masa. Ba shi da yawan magana sai da Tela. Su kam tun safe suke tsokanar juna ta ƙofa har a tashi.

Amma wanda ya san shi a rumfa kawai, rabinsa ya sani. Ɗaya rabin yana bayan gidansa, inda akwai kunya shida na dankali da rami ɗaya.

Dankalin na matarsa ne. Da ta zo gidan, a cikin kayanta akwai guda bakwai ƙulle a tsumma. Ta ce mahaifiyarta ce ta ba ta, ita ma daga tata uwar ta karɓa. Ba irin na kasuwa ba ne. Bayansa ja jawur, cikinsa kamar gwaiduwar ƙwai, kuma in ka yanka shi za ka ga wani siririn zobe mai ruwan shuni ya kewaye shi daga ciki, dab da ɓawo. Ba ya girma sosai, ba ya yawan 'ya'ya, amma in an dafa shi gari ne da shi, ga zaƙi da ba ya gundura. Ba shi da suna. "Na Inna" take ce masa, kowa ma ya bi.

Shi dankali ba shi da ƙwayar da za ka ƙulle a leda ka manta da ita shekara uku. Ko dai yaɗonsa yana raye, ko kuwa 'ya'yansa suna kwance lafiya a ajiye. In ka rasa biyun a shekara ɗaya, ka rasa shi ke nan. Ruwan unguwar kuwa ba ya isa a shayar da yaɗo duk tsawon rani. Saboda haka ran na Inna gaba ɗaya a ramin nan yake zama, wata biyar cur, har ruwan sama ya kusa.

Su biyu suke aikin, shi da ita. 'Yarsu ɗaya tak, ita kuwa a lokacin tono gidan maƙwabta ake tura ta, don kada ta tattake kunya. Da matar ta kwanta ciwon ajalinta, ba wata doguwar wasiyya ta yi ba. Ta dube shi ta ce, "Ni ce ta uku da na riƙe shi, ko ta huɗu, ban sani ba. Kai ba abin da ka iya sai keke. Amma ka gwada."

Ya gwada. Shekara goma sha ɗaya yana gwadawa, bai taɓa faɗuwa ba.

In ganye ya fara yin rawaya, ƙasar kunya ta tsattsage, sai ya rufe rumfa kwana uku. Ya sa sakata a ƙofar gida. Ba ya taɓa fartanya. Da ƙarfen cire taya yake tono, wanda ya naɗe bakinsa da roba, sauran kuma da yatsu. Ya bi saiwa a hankali, ya zaro kowane guda kamar mai zaro ƙwai daga ƙarƙashin kaza. Wanda ya ɗan kurje, ko da farce ne, wannan na tukunya ne. Lafiyayyun sai ya baje su a inuwa mako guda da ƙasarsu a jiki, su sha iska, fatarsu ta yi ƙwari. Sannan ya zaɓi arba'in. Ya shimfiɗa busasshen yashi da toka a ƙasan ramin, ya jera su yadda wani ba zai taɓa wani ba, ya rufe da yashi, ya sake jerawa. A sama busasshiyar ciyawa, sai tsohon kwano da ya ɗan ɗage gefe guda da dutse don iska ta shiga. Ruwa ko ɗigo ba ya taɓa su, daga ranar da suka fito ƙasa har ranar da za a tashe su.

Duk wannan ba wanda ya taɓa gani. In Tela ya ƙwanƙwasa, ta bayan ƙofa ake amsa masa.

"Injiniya, ka buɗe in taya ka mana."

"Je ka ka ɗinka wa mutane wandon da ka yi musu alkawari tun bara."

"Wai me kake ɓoyewa ne? Zinariya kake tonowa?"

"Kai dai ka wanke tukunyarka."

Ba rowa ba ce. In an gama, har gida yake kai wa mutane, gida goma sha wani abu, kowa da ƙullinsa. Abin da yake ɓoyewa shi ne, a kwana ukun nan yana hira da ita. Yana tono yana ba ta labari: wa ya rasu, wa ya haihu, yadda gwiwarsa ke damunsa, yadda Tela ya yi furfura bai yi hankali ba. Bai so kowa ya ji ba. Yana ganin in wani ya shigo, hirar za ta yanke, kuma ba za ta sake ɗorawa ba.

'Yar ta girma ta yi aure, tana aiki a asibiti, a ɗakin da ake wanke almakashi da sauran ƙarafan aiki a dafa su. "Likita" yake ce mata, tana cewa, "Baba, ni fa wanke-wanke nake yi." Yarinya ce mai tsabta tun tana ƙarama, aikin kuma ya ƙara mata. In ta zo gidan sai ta wanke har murfin randa da hannun ƙofa. Mijinta magini ne, ƙato mai kirki, wanda bai san rabin aiki ba. In ka ce ya cire maka ƙusa a bango sai ya sake maka filasta.

A shekarar da abin ya faru, saura kwana huɗu ya rufe rumfa, yana tsaye yana buga wa keken wani mai kai burodi iska, sai famfon ya suɓuce daga hannunsa. Ya sunkuya zai ɗauka, ya bi shi ƙasa. Tela ne ya fito da gudu da zare a baki. A asibiti aka ce hawan jini ne ya shanye masa ɓarin dama. Ya yi mako biyu aka dawo da shi gida. Hannun dama ya mutu, ƙafar dama sai ja, harshe kuwa ya zama kamar ba nasa ba. Hankalinsa garau, yana jin kowa, yana gane komai, amma in ya buɗe baki gurnani kawai ke fitowa. Rubutu kuma dama can bai wuce na lamba ba, shi ma da hannun da ya mutu yake yi.

Tagar ɗakinsa bayan gida take kallo. Daga kan katifa yana ganin kunya shidan. Ganye ya wuce rawaya ya fara bushewa. Ya san ƙwari sun fara bin tsagar ƙasa suna shiga. Kullum idonsa na can. A kawo abinci, yana can. A zo gaisuwa, yana can.

Likita ce ta lura. Ta ɗauki hutu ta dawo gidan don jinya, ba kuma abin da ke wuce ta a fuskar mahaifinta.

"Baba, dankalin ne?"

Ya lumshe ido ya buɗe.

"Shi ke nan, kada ka damu. Gobe za mu tone maka shi tas."

A ransa ya ji sanyi da tsoro a tare. Ya gaya wa kansa ai zai kasance a wurin. Zai nuna musu da hannun hagu.

Washegari da hantsi aka fito da shi a kujerar roba, aka tokare shi da matashi a bakin ƙofar baya. Tela ya rufe shago ya zo, yana ta murna, yau dai zai ga abin da aka hana shi gani shekara da shekaru. Sai ga surukin ya shigo da diga da shebur a kafaɗa, da baro.

Injiniya ya ɗaga hannun hagu yana kaɗawa.

"Sannu Baba, sannu," in ji surukin. "Ka huta kawai. Kafin azahar na gama."

Ya tattare yaɗon gaba ɗaya tukuna, ya cika baro uku, ya tura wa maƙwabcinsu mai awaki, don kada ya zama shara. Sannan ya ɗaga diga. Injiniya ya ji ƙarar farko, ƙarar ƙarfe ya ratsa ɗanyen dankali, kamar a haƙarƙarinsa. Surukin ya tona kunyoyin nan yadda ake tona harsashin gini. Ya juye ƙasar, ya sake juyewa, ya bi da yatsu ya tsince ko ɗan mitsitsi bai bari ba. Wasu sun rabe biyu, da yawa sun kurje. Amma akwai lafiyayyu. Injiniya yana ƙirga su da ido. Za su kai arba'in. Za su wuce ma. Ya ce a ransa, in aka tsaya a nan, an tsira.

Sai Likita ta fito da baho uku ta jera.

"Dubi ƙasa don Allah. Wannan ai ba a ajiye shi haka, cuta ce zalla. Baba Tela, taimaka mana da ruwa."

"An gama, ranki ya daɗe."

Yadda take yi a wurin aiki haka ta yi. Baho na farko jiƙawa, na biyu gogewa da soso, na uku ɗauraya. Ɗaya bayan ɗaya, ba ta tsallake ko guda ba. Soson ƙarfe ne, yana cin siririyar fatar nan, jan yana fitowa yana sheƙi. Tela yana safa da bokiti daga famfon bakin layi, rigarsa ta jiƙe sharkaf, yana haki yana dariya.

"Kai! Injiniya, ashe haka abin nan yake da kyau? Shekara nawa kana kawo mana shi buɗu-buɗu kamar an tono gawayi. Dubi yadda yake ƙyalli!"

Injiniya ya daki hannun kujera. Ya sake duka. Ya tattara duk ƙarfin da ke jikinsa ya kai shi bakinsa, abin da ya fito gurnani ne da miyau. Ya miƙa hannu ya ture kofin ruwan da ke gefensa. Hawaye ya zubo masa ta ido ɗaya kafin ɗayan.

Likita ta taso da gudu, ta goge hannu a zani, ta durƙusa ta share masa fuska.

"Haba Baba. Ai mun ɗauke maka. Ba sai ka wahala ba, ga mu."

"Ƙyale shi," in ji Tela, shi ma idonsa ya kawo ruwa. "Mama ya tuna. Ya ga 'yarta tana aikinta."

Rana ta fara zafi, suka ɗauke shi da kujerar suka mayar ɗaki. Ta taga ya ga sauran. Ya ga Likita ta ɗage kwanon ramin ta leƙa, ta ga toka da yanar gizo, ta ja baya tana yamutsa fuska. Ya ji ta ce, "Nan Baba yake zuba abin da mutane za su ci?" Ya ga an kawo shuɗin durom na roba mai murfi da maɗauri, sabo fil, wanda ta saya musamman don kada ɓera ya shiga. Aka ɗan shanya dankalin a rana, aka shimfiɗa leda a cikin durom, aka zuba manya da ƙanana, masu rauni da lafiyayyu, aka danne, aka rufe ruf. Surukin ya mirgina shi zuwa ɗakin ajiya mai rufin kwano, inda ko takalmin roba ka bari sai ya yi laushi don zafi. Ya dawo ya share wurin tas, kamar ba a taɓa shuka komai ba.

Mako bakwai ya yi yana nuna ƙofar ɗakin ajiya da hannun hagu. Sun ɗebi kwando guda na ci, don haka duk lokacin da ya nuna, sai Likita ta dafa masa ta kawo, ta ɓare, ta ba shi a baki. Da farko ya kau da kai. Daga baya ya riƙa ci, don ya ga ranta yana ɓaci. Yana tauna na Inna, yana sanin abin da ke faruwa da sauran a bayan bangon nan. Sau ɗaya ya sulalo daga katifa ya ja jiki har tsakar gida. Aka same shi a can, aka ɗauka banɗaki zai je.

Maganar ta dawo ne wata rana da la'asar, Tela yana zaune a gefensa yana yi masa ƙorafin wata mata da ta kawo ɗinki ta ce ya rage mata yadi.

"Bu… ɗe."

Tela ya saki baki. "Injiniya? Me ka ce?"

"Du… rom."

Tela ya fita yana kiran Likita, yana cewa ya yi magana, wallahi ya yi magana. Suka shiga ɗakin ajiya da murnarsu. Da ta kwance maɗaurin, murfin da kansa ya ɗaga. Warin ya fito ya cika gidan, ya tsallaka katanga, har mai awaki ya leƙo yana tambaya ko wani abu ne ya mutu. A ciki baƙin ruwa ne da kumfa, da farin gashin ruɓa a sama kamar auduga.

Suka juye shi a bayan gida. Likita ta sa hannu, ita da ba ta taɓa ƙazanta sai da safar roba, tana lalube a cikin ruɓar har gwiwar hannu. Ta sami guda uku masu ɗan tauri. Ta kawo su ɗaki a tafin hannu ta durƙusa.

"Baba," ta ce, "wankin ne?"

Ya dube ta. Idon uwarta ne da ita, da yadda take cije leɓe.

"A'a," ya ce, kalma tana fitowa da ƙyar. "Zafi… bana… ya yi yawa."

Ta san ƙarya yake yi, ya san ta sani. Har ya rasu ba su sake tayar da maganar ba.

Guda ukun nan aka sa wa rai. Injiniya ya sa Tela ya ɗauko tsohon bahon rumfa ya cika shi da yashi, aka binne su, aka ajiye a ƙarƙashin tagarsa. Kullum da safe kafin ya buɗe shago Tela zai zo ya yayyafa ruwa, Injiniya yana ba da umarni daga kan kujera. "Ya isa. Kai… ba ka… san… ya isa ba." Bayan kwana goma, guda biyu suka narke. Na ukun ya yi wata guda bai ce komai ba. Ranar da Tela ya tona don ya duba, yatsansa ya shige ciki. Ɓawo ne kawai.

Tela bai haƙura ba. Ya bi gidajen da ake kai wa ƙulli, gida gida. Kowa ya ce Allah sarki, wallahi mun cinye, ai daɗi ne da shi. Malamar makaranta ta ce ta taɓa shukawa wata shekara, ya kuma yi, amma ta sa wa tsakar gidanta siminti. Mai awaki ya buɗe hannu ya nuna awakin. Aka kira ƙanin marigayiya a waya, ya ce, "Wane dankali kuma?" Gonar gidansu an daɗe da yanka ta filaye. Shekara arba'in ana rabon na Inna a unguwar nan, ba wanda ya taɓa tunanin ajiye guda. Me zai sa? Ai Injiniya yana nan, baɗi ma zai kawo.

Surukin ya zo da wani irin da ya samo wurin abokin aikinsa, ya ce an ce yana 'ya'ya sosai. Injiniya ya karɓa ya juya shi a hannu, ya sa masa albarka. Da surukin ya fita sai ya miƙa wa Tela.

"Wannan dankali ne," ya ce. "Ka dafa."

Maganarsa ta ƙara warwarewa, amma sai ya rage yin ta. Aka sayar da kwanon rumfar, wani mai sayar da katin waya ya kafa tebur a wurin. Tela yakan zo da rana ya zauna da shi a bakin ƙofar baya, su biyu suna kallon fili da ramin da ba komai a ciki. Wata rana Tela ya kasa riƙewa.

"Ni na ɗebo ruwan, Injiniya."

Injiniya na kallon ramin, Tela ya ci gaba.

"Ina kallonka kana dukan kujera. Na ce daɗi kake ji. Shekara talatin ina zaune kusa da kai, ko tari ka yi na san me kake nufi, amma ranar…"

"Bokiti nawa?"

Tela ya share hanci. "Goma sha huɗu."

"Rago. Tun da na san ka… ba ka taɓa aiki kamar na ranar ba."

Suka yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki. Sannan Injiniya ya girgiza kai.

"Ba kai ba ne. Ba ita ba ce. Sau nawa ka ƙwanƙwasa? Da na buɗe sau ɗaya. Sau ɗaya kawai, Tela. Da na ce wa yarinyar nan, zo ki ga yadda uwarki take yi. Na ɗauka nawa ne ni kaɗai. Ashe riƙo aka ba ni." Ya daɗe yana kallon ramin. "Mata uku ko huɗu suka riƙe shi, da yunwa da ƙaura da komai. Ya zo hannun mai keke."

Abin da ya rage masa ɗaya ne, bai kuma faɗa wa kowa ba sai daga baya. Dankali yakan ɓuya. Duk iya tono, akan bar wani ɗan guntu a ƙasa, in ruwa ya sauka sai ya tsiro. Ya san surukinsa, ya ga yadda ya bi ƙasar nan da yatsu. Duk da haka ya jira. Ina jin jiran nan ne ya riƙe shi har ƙarshen rani, don jikin ya riga ya gama.

Ruwa ya sauka. Kwana tara bayan haka, da sassafe, Tela ya shigo ɗakin ba ko sallama, hularsa a karkace.

"Tashi! Tashi, Injiniya! Ya fito! Wallahi ya fito, can gefen katanga!"

Shi da Likita suka kama shi, ɗaya a kowace kafaɗa, ƙafar dama tana jan ƙasa. A gindin katanga, ga ɗan tsiro mai ganye huɗu, kore shar, ya fara miƙa hannu zai yaɗu. Tela har ya kewaye shi da duwatsu.

Suka sunkuyar da shi. Kallo ɗaya ya yi masa. Ganyen na Inna yana da yatsu biyar, jijiyarsa ta ƙasa ja ce. Wannan ganyen siriri ne, ga gashi-gashi. Ya kai hannun hagu ya juya shi duk da haka, ya duba bayansa, ya daɗe yana dubawa.

"Yaryaɗi ne," ya ce. "Ciyawa."

"Ka duba da kyau mana. Ƙila don yana ƙarami ne."

"Tela. Ka tsaya a ɗinkin wando."

Ba wanda ya yi dariya. Likita ta juya fuska ga katanga, kafaɗunta suna rawa. Ya ɗora hannu a kanta ya bar shi a nan.

Da suka mayar da shi kujera ya ce a kira masa surukinsa, ya zo da shebur. Ya ce a cike ramin, kada wani ya faɗa. Surukin ya tsaya yana murza hannu, ya ce ko a bari, ƙila baɗi a sami wani irin a zuba. Injiniya ya ce a cike. Yana zaune yana kallo har aka gama, aka daddaɓe. Aikin ya yi kyau, kamar duk aikin yaron. Ba za ka ce an taɓa yin rami a wurin ba.

Daga ranar ya ce a juya masa katifa ta kalli bango. Abinci sai an matsa. Tela ya tambaye shi ko har yanzu yana hira da ita, ya ce a'a, ba shi da abin da zai ce mata. Ya yi kwana ashirin da uku. Da hantsi ya tafi, ana yayyafi, Likita tana yanke masa farce. Hannun nan da ya yi shekara talatin baƙi ya yi fari tas, giris ɗin duk ya fita. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya haɗa shi da ita inda ba sai ya yi bayani ba.

Ƙarfen cire tayar yana shagon Tela, rataye a ƙusa kusa da almakashi, da robarsa a baki da busasshiyar ƙasa a jiki. Yarinyar da ke share masa shago ta taɓa saukowa da shi za ta wanke. Tsawar da ya daka mata, sai da mai katin waya ya leƙo.